Yoyon Gas a Motar Gida: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Gyara Shi

Motar gida mota ce da aka gina ɗaki a cikinta, da gado, da kicin, da banɗaki, domin iyali su yi tafiya mai nisa su kwana duk inda dare ya riske su. Amurkawa suna kiranta RV. Wata tana da injinta, wata kuma tirela ce da ake ja a bayan wata motar, irin wadda mutanen Ingila ke ce wa karaban. An fi ganinta a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai da Ostireliya. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a Amurka ana ƙera su ne a jihar Indiyana, a garin Elkhart da kewayensa.

Tunda gida ne mai yawo, ba kullum yake samun wutar lantarki ba. Shi ya sa aka dogara da iskar gas mai suna furofen. Da ita ake girki, da ita ake ɗumama ɗaki lokacin hunturu, da ita ake dafa ruwan wanka, kuma da ita firjin da yawa daga cikin waɗannan motoci yake aiki. Amfaninta da yawa, amma da sharaɗi ɗaya: ta zauna cikin bututunta, kada ta fito ko'ina sai a bakin murhu. Idan ta sami wata kafa ta daban, shi ake kira yoyo.

Aikin magance yoyo yana da tsari, kuma tambayoyi uku ne ke jan ragamarsa. Hanci yana cewa akwai abin dubawa. Ma'aunin matsi yana tabbatar da ko akwai yoyon ko babu. Ruwan sabulu kuma yana nuna daidai wurin da yake. Kowanne da aikinsa, babu mai ɗaukar aikin wani.

Kafin a kai ga gwaji, ya kamata a san halin ita iskar. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Walter Snelling, ma'aikacin hukumar ma'adinai ta Amurka, shi ya gano furofen cikin tururin man fetur a shekarar 1910. A cikin tukunyar gas ruwa-ruwa take, saboda an matse ta. Da zarar ta sami sarari sai ta koma iska, domin tana tafasa ne tun a sanyin digiri 42 ƙasa da sifiri. Lita 1 ta ruwan furofen tana zama kimanin lita 270 ta iska. Saboda ruwan yana kumbura idan ya ji zafi, ba a cika tukunya fal. Ana tsayawa a kashi 80 cikin 100, a bar sauran fili.

Hali na biyu shi ne nauyi. Furofen ta fi iskar da ake shaƙa nauyi da kimanin ninki ɗaya da rabi. Don haka idan ta tsere ba ta tashi sama kamar hayaƙi. Gangarawa take yi kamar ruwa, ta kwanta a daɓe, ta shige ƙarƙashin gado da cikin akwatunan ajiya da duk wani lungu mai zurfi. Mutum yana iya tsayawa a tsakiyar ɗaki bai ji komai ba, alhali ƙafafunsa cikin gas suke.

Hali na uku shi ne kama wuta. Ba ta kamawa sai ta gauraya da iska a wani gwargwado, daga kimanin kashi 2 zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Kashi 2 ɗin nan ba wani yawa ba ne. Lita ɗayar nan ta ruwa, idan ta zama iska ta gauraya, ta isa ta mai da kusan lita 13,000 na iskar ɗaki abin da ƙyastu ɗaya zai tayar. Wannan kuwa ya kai girman cikin ƙaramar motar gida.

A asalinta furofen ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ake ji mai kama da na baragurbin ƙwai, na wani sinadari ne mai suna etil makaftan da ake zuba mata da gangan. Darasin sa wa gas wari da tsada aka koye shi. Ranar 18 ga Maris, 1937, iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa marar wari ta taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Texas, ta fashe, kusan mutum 300 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Bayan haka jihar ta kafa dokar sa wari, sauran wurare suka bi sahu. Ƙa'idar yau ita ce hanci ya iya jin furofen tun tana kashi ɗaya cikin biyar na gwargwadon da take fara kama wuta.

Mai neman yoyo sai ya san hanyar da gas ke bi tun daga tukunya har murhu, domin a wannan hanyar zai yi farautarsa.

Tukunya iri biyu ce. Tirela takan ɗauki silinda guda biyu a gabanta, kowacce mai cin fam 20 ko fam 30, wato kimanin kilo 9 ko kilo 13 da rabi, kuma ana cire su a kai wurin cikawa. Mota mai injinta kuwa tanki gare ta a kwance, a ɗaure a jikin ƙarfen ƙasan motar, ba a cire shi. A rana mai matsakaicin zafi, matsin da ke cikin tukunya ya haura 100 a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, wato fiye da ninki uku na iskar tayar ƙaramar mota. Rana ta ƙwalle kuwa sai ya ƙaru sosai.

Daga bakin tukunya akwai gajeren tiyo mai jure matsi, wanda ke kai gas zuwa regileta. A silindar zamani ana ɗaura shi da babban noti na roba mai tauri, da hannu kawai, ana murzawa dama. Tsohon samfuri kuwa noti ne na tagulla mai zaren hagu, sai da sifana. A cikin wannan mahaɗa akwai ɗan bawul da ke rage gudun gas idan ya ji ta kwararo fiye da kima, kamar lokacin da bututu ya tsinke. Babban ɓarna yake tarewa. Ƙaramin yoyo bai san da shi ba.

Regileta ita ke karya ƙarfin gas, kuma hawa biyu take yi. Hawa na farko yana sauko da matsin zuwa kimanin 10. Na biyu yana sauko da shi ƙasa da rabin 1, matsi kaɗan ƙwarai, har ba a auna shi da ma'aunin taya sai da tsayin ruwa. Ƙa'idar Amurka ita ce matsin da zai ɗaga ruwa inci 11, wato kusan santimita 28. A Turai ana aiki da miliba 30, wanda bai yi nisa da wannan ba. Regileta tana da ɗan hanci na shan iska, kuma dole ya kalli ƙasa don kada ruwan sama ya shiga.

Daga regileta gas na shiga babban bututu, sau da yawa na baƙin ƙarfe, wanda ya bi ƙarƙashin motar. Daga jikinsa ƙananan bututan jan ƙarfe ko tiyo suke rarrabuwa su hau zuwa murhu da firji da na'urar ɗumama ɗaki da ta dafa ruwa. Kowace rassa tana da mahaɗa a farkonta da ƙarshenta. Mahaɗan nan su ne gidan yoyo. Da wuya lafiyayyen bututu ya huje a tsakiyarsa haka kawai. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ko roba ta haɗu da tagulla, nan matsalar take faruwa.

Dalilin yawan yoyo a motar gida a fili yake. Bututun gidan ƙasa yana zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, na motar gida kuwa kullum cikin jijjiga yake. Gargada da ramuka suna sassauta noti a hankali. Bututun jan ƙarfe da ke gogar gefen ƙarfe yakan cinye. Tsakuwar da taya ta harbo takan lotsa shi, fashewar taya kuma takan tsinka wanda ya bi kusa da ita. Rana tana busar da tiyo har ya tsattsage. A ƙasashen ƙanƙara, gishirin da ake watsawa a titi yana sa baƙin ƙarfe tsatsa. Motar da aka ajiye duk tsawon hunturu, ɓera da kurege sukan gwigwiyi tiyonta. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a hancin regileta ko a bakin murhun firji. A motocin da ke da ɓangaren ɗaki mai zamewa waje, tiyon da ke bin sa yana lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe, har ya gaji. Sai kuma mafi sauƙi duka: wani ya jingina da murhu, kan murhun ya ɗan murɗe, babu wuta a kai.

Alamar farko wari ce. Sai dai hanci ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Mai mura ba ya ji sosai, mai barci ba ya ji, wanda ya daɗe cikin warin kuma hancinsa yakan saba. Tsatsar cikin tukunya, ko sabuwar tukunyar da ba a shirya ta da kyau ba, takan shanye sinadarin warin. A ɗaya gefen kuma, tukunyar da ta kusa ƙarewa takan yi wari fiye da kullum, saboda sinadarin ya taru a gindinta. Ko da an yi zaton wannan ne dalili, ba a yanke hukunci sai an gwada.

Saboda raunin hanci ne ake sa wa motar gida na'urar sansano gas, a can ƙasa dab da daɓe, inda gas ke kwanciya. Batirin motar take sha, kuma an tsara ta ta yi ƙara tun gas bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na gwargwadon kama wuta ba. Ba ta dawwama. Shekara 5 zuwa 7 take yi, kuma akan rubuta ranar ƙera ta ko ranar ƙarewarta a jikinta. Takan yi kuka saboda feshin turare ko maganin sauro ko raunin batir, abin da ke sa wasu su cire mata waya don su huta. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi don ya hana shi barci. Wannan na'ura dabam take da mai sansano gubar hayaƙin da ke fitowa idan wuta ba ta ci da kyau ba, sai dai wasu kamfanoni suna haɗa biyun a akwati ɗaya.

Sauran alamun su ne jin huci siriri kusa da tukunya, da ƙarewar gas da wuri ba tare da an ƙara aiki da ita ba, da maiƙo mai wari a jikin mahaɗa, da ƙanƙara fari-fari a inda ruwan furofen ke fita. Ba a taɓa wannan wurin da hannu tsirara, domin sanyinsa yana ƙona fata.

Idan wari ya yi ƙarfi ko na'ura ta yi ƙara, ba lokacin bincike ba ne. A kashe duk wata wuta da ke ci, har da sigari. Kada a taɓa makunnin lantarki, ba kunnawa ba, ba kashewa ba, domin duka biyun suna fid da tartsatsi. Kada a kunna fanka don korar warin, kada a ta da inji. Kowa ya fita, a bar ƙofa a buɗe. A je wurin tukunya a rufe ta, ana murzawa dama har ta tsaya. Waya kuma sai an yi nisa ake amfani da ita. Idan an rufe tukunya amma huci bai tsaya ba, ko kuma ba a iya isa gare ta lafiya, a janye mutane a kira 'yan kwana-kwana: lamba 911 a Amurka da Kanada, 112 a Turai. Ba a komawa ciki sai warin ya washe sarai.

Bayan iska ta wanke ɗakin, tambaya ta biyu ta zo: da gaske akwai yoyo? Amsarta tana wurin gwajin faɗuwar matsi, kuma kayan aikinsa ma'auni ne da ake kira manomita. Akwai mai allura, akwai mai lambobi, amma mafi sauƙi tiyo ne garai-garai da aka lanƙwasa shi kamar ƙugiya mai hannu biyu a jikin katako, aka zuba ruwa zuwa rabi, aka manna rular awo a tsakiya. Hannu ɗaya a buɗe yake, ɗayan kuma ana cusa shi a ɗan ramin da gas ke fitowa a ɗaya daga bakunan murhu, bayan an ɗage kan murhun.

Ana farawa da kashe kowace na'ura mai aiki da gas. Sai a buɗe tukunya a hankali, a buɗe bakin murhun da aka haɗa da ma'auni. Nan take ruwan zai sauka a hannu ɗaya ya hau a ɗayan. Tazarar da ke tsakanin kan ruwan biyu ita ce matsin, kuma ya kamata ta zo kusa da inci 11. Daga nan sai a rufe tukunya kam. Sai a ɗan buɗe wani bakin murhun daban, tagogi a buɗe, a saki gas kaɗan-kaɗan ana kallon ruwa, har tazarar ta sauko inci 8, a rufe.

Wannan saukowa zuwa inci 8 ita ce zuciyar gwajin, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. Bayan an rufe tukunya, akwai sauran gas mai ƙarfi a maƙale cikin gajeren tiyon da ke gaban regileta. Muddin tana nan, regileta za ta ci gaba da cike gurbin abin da ke tserewa, ruwan ma'auni ya tsaya cak, mai gwaji ya ɗauka lafiya lau. Sai an zubar da wannan ajiyar tukuna regileta ke buɗewa gaba ɗaya, hanyar ta zama ɗaya tun daga bakin tukunya har murhu.

Daga nan sai a sa alama a kan ruwan, a duba agogo, a jira minti 3. Wannan shi ne abin da ƙa'idar motocin gida ta Amurka mai lamba NFPA 1192 ta tanada. Idan ruwan bai motsa ba, babu yoyo. Idan ya sauka, ko da kaɗan ne, akwai yoyo. Idan kuwa hawa ya yi, to ko dai bawul ɗin tukunya ba ya rufewa sosai, ko rana ta dafa bututun. Shi ya sa aka fi son yin gwajin a inuwa.

Ma'auni ya tabbatar da yoyo, amma bai faɗi inda yake ba. Wannan aikin ruwan sabulu ne. Ana sayar da ruwan gwaji na musamman mai kauri, wanda ke manne wa ƙarfe ya daɗe bai bushe ba. In babu shi, sabulun wanke kwanuka da ruwa ya wadatar, da sharaɗin babu sinadarin amoniya a cikinsa, domin amoniya tana tsattsaga tagulla a hankali. Abu ɗaya da ba a taɓa yi shi ne neman yoyo da ashana ko laita.

Ana buɗe tukunya domin bututun ya cika, na'urori duka a kashe. Sai a fara daga tukunya a bi hanyar gas daki-daki: bawul ɗin tukunya, da ɗan sukurun da mai cikawa ke sassautawa don ya san ta kai kashi 80, wanda akan manta ba a ɗaure shi sosai ba, sai noti da tiyo har inda aka matse tagulla a bakinsa, sai regileta da hancinta, sai babban bututu da kowace rassa, har bayan murhu da bayan firji. Ɓangaren tukunya zuwa regileta yana bukatar kulawa ta musamman, domin wani yoyon ba ya bayyana sai da cikakken matsi. Kowace mahaɗa ana jiƙa ta duk kewaye, har bayanta inda ido ba ya kai, a leƙa da ɗan madubi.

Babban yoyo ba ya ɓuya. Ƙwai ne manya na kumfa suke kumbura suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarami kuwa sai da haƙuri. Da farko ruwan yana kwance shiru a gindin notin. Bayan rabin minti ko minti ɗaya sai a ga wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana kamar ƙwan kifi suna taruwa a gefe ɗaya, suna tura juna, har su zama ɗan tulin farar kumfa. Bambancinsu da kumfar da ta zo daga fesawa shi ne, ita waccan raguwa take yi, wannan kuwa ƙaruwa. An ga ɗaya ba a tsayawa, domin jijjigar da ta sassauta noti ɗaya ta girgiza sauran ma. A sa alama a ci gaba. In an gama a ɗauraye wurin da ruwa a goge.

Wani lokaci ma'auni yana cewa akwai yoyo, sabulu kuma bai nuna komai ba. A nan sai a koma ga warewa. A rufe tukunya, a kwance bututun na'ura ɗaya, a toshe bakinsa da murfin tagulla da aka yi don haka, a sake gwajin minti 3. Idan ruwan ya tsaya, laifin yana cikin na'urar da aka cire, galibi bawul ɗinta ne ba ya rufewa sosai. Idan bai tsaya ba, a wuce ta gaba. Akwai kuma na'urar hannu mai dogon wuya da ke sansano gas, wadda ake zura ta bayan kabad da cikin lungunan da sabulu ba ya kai.

Gyara yana farawa da rufe tukunya da ƙone ragowar gas a murhu har wutar ta mutu da kanta. Daga nan abin da za a yi ya danganta da irin mahaɗar.

Bututun jan ƙarfe ana buɗa bakinsa ne kamar bakin kakaki, noti ya danne shi a kan tagulla mai tsini. Ƙarfe ne ke rufe ƙarfe, don haka ba a naɗa masa tef, ba a shafa masa komai. Idan sassautawa ya yi, sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ɗan ƙara ɗauri. Ɗaurin ƙarfi fiye da kima yana tsaga bakin. Idan an ɗaure bai daina ba, bakin ya riga ya lalace. Sai a yanke shi, a fara zura notin, sannan a buɗa sabon baki da na'urar da aka yi don haka.

Mahaɗar baƙin ƙarfe mai zare ita ke bukatar abin toshewa. A kwance ta, a kankare tsohon, a naɗa tef na gas, wanda galibi rawaya ne kuma ya fi farin tef na famfo kauri, ko a shafa man toshewa da aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da furofen. Ana barin zare biyu na farko tsirara, kada guntun tef ya yanke ya bi gas ya toshe ramin murhu.

Tiyon da ya tsage, ko ya yi tauri, ko ɓera ya taɓa, sauya shi ake yi da wanda aka ƙera don furofen. Ba a naɗe shi da salatif, ba a liƙe shi da gam, ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a kuma maye gurbinsa da tiyon ruwa. Regileta ma ba a buɗe cikinta. Idan kumfa na fita ta hancinta ba ƙaƙƙautawa, fatar robar da ke cikinta ta huje, sai sabuwa mai hawa biyu, a ɗaura ta hancinta na kallon ƙasa.

Akwai iyakar da mai mota ba ya ƙetarewa. Yoyo a bawul ɗin tukunya, ko a jikin tukunyar, ko a cikin bawul ɗin firji ko na na'urar ɗumama ɗaki, aikin ƙwararre ne mai lasisin gas. Ba a yi wa tukunya walda, ko da an ɗauka babu komai a cikinta. Silindar da ke yoyo ana barinta a waje, a tsaye, nesa da wuta da magudanar ruwa, domin bawul ɗin da ke rage mata matsi an yi shi ne ya fid da iska daga sama, kuma in ta kwanta ruwa zai fitar.

Gyara bai cika ba sai an sake gwaji. A buɗe tukunya a hankali, domin buɗewa da gaggawa tana sa ɗan bawul ɗin nan na cikin noti ya ɗauka bututu ne ya tsinke, ya shaƙe gas, wuta ta fito a raunane. A shafa sabulu a wurin da aka taɓa, a maimaita gwajin inci 8 na minti 3. Sannan a kunna murhu har iskar da ta shiga bututu ta fice. Wuta shuɗiya mai tsayawa daram ita ake nema. Mai ja ko rawaya, mai baƙanta gindin tukunyar girki, tana nuna gas ba ta ci da kyau, kuma irinta ce ke haifar da gubar hayaƙi.

Ana yin gwajin matsi aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman lokacin fito da mota daga ajiyar hunturu, da bayan duk wani aiki da ya taɓa bututu, da bayan haɗari ko fashewar taya. Duk lokacin da aka sauya silinda ana shafa sabulu a bakinta. A Amurka, silindar da ake cirewa sai an sake tantance ta bayan shekara 12 daga ranar da aka buga a wuyanta, kuma tun daga shekarar 2002 ba a cika ƙananan silindu sai masu bawul ɗin hana cikawa fiye da kima, wanda ake gane shi da hannunsa mai kusurwa uku. A Jamus ana yi wa gas ɗin motar gida gwajin da ake kira G 607 duk bayan shekara 2. A gidan mai kuwa, ana rufe tukunya a kashe firji da duk wata wuta kafin a sha mai, haka ma kafin shiga jirgin fito.

Tukunyar gas ɗin girki da ke gidajen Kano da Damagaram dangin wannan ce, cakuɗen furofen da 'yar'uwarta butan. Ita ma ta fi iska nauyi, ita ma a mahaɗar regileta da bakin tiyo take yawan yoyo, kuma ruwan sabulun da ke fallasa ta a ƙarƙashin mota shi ne ke fallasa ta a kicin.